Daga Legas Zuwa Digirin Astirofiziks: Abin Da Jami'o'i Ke Nema Da Yadda Za Ka Tanade Shi

Astirofiziks shi ne ilimin da ke ɗaukar dokokin fiziks ya auna da su rana, taurari da tarin taurarin da ake kira galaksi: me ke sa tauraro haske, yaya nisansa, me zai zama idan makamashinsa ya ƙare. Yaranmu da ke karatu a Jami'ar Legas ta Akoka ko Jami'ar Jihar Legas ta Ojo, da waɗanda suka gama Bayero ko Zariya aka turo su bautar ƙasa Legas, da yawa suna sha'awar abin, amma sukan ɗauka ƙofar a rufe take sai ga wanda ya yi digirin farko a ilimin taurari, ko wanda ya tashi da madubin hangen nesa a gida. Ba haka zancen yake ba. Masu tantance takardu abu uku suke nema: ƙarfinka a fiziks da lissafi, shaidar cewa ka taɓa kama matsala ka bi ta har ƙarshe, da malaman da za su tsaya maka da gaske. Duk ukun ana iya tanadarsu daga ɗaki guda a Agege, in dai an fara da wuri.

Farfesa Samuel Okoye ya ishe mu misali. Fiziks ya karanta a Ibadan, sannan ya tafi Kambirij ta Ingila ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Antony Hewish. A tsakiyar shekarun 1960 su biyun suka gano wani ɗan ƙaramin tushen igiyar rediyo a cikin hazon taurarin nan da ake kira Kaguwa, wanda daga baya aka gane ragowar mataccen tauraro ne mai juyawa da sauri. Daga nan ya dawo gida, Nsukka ta zama cibiyar wannan ilimi a Najeriya.

Mataki na farko: duba digirinka darasi bayan darasi

Sunan digiri ba shi ne abin dubawa ba, abin da ke cikinsa ne. Ɗauko sakamakonka na kowane zango ka shimfiɗa a gabanka. Darussa huɗu ne ginshiƙi: kilasikal makaniks, wato ilimin motsi da ƙarfi, ilektiromagnatizim, kwantum makaniks, sai ilimin zafi, wato tamodainamiks haɗe da sitatistikal makaniks. A gefen lissafi ana son kalkulas mai zurfi, liniya aljabra, difarenshal ikweshan, da ɗan abin da ya shafi ƙididdiga da yiwuwar aukuwa. Idan waɗannan suna cikin takardarka da maki mai kyau, ka cika sharaɗin farko ko da ba ka taɓa zama ajin ilimin taurari ba.

Akwai dalilin da ya sa aka nace kan waɗannan huɗu. Tauraro ƙwallon iskar gas ne mai zafi: nauyinsa na jan sa ciki, matsin zafinsa na tura shi waje, ba za ka fahimci daidaiton nan ba sai da makaniks da tamodainamiks. Hasken da yake aikowa igiyar lantarki da maganaɗisu ce. Layukan da ake gani idan an warware hasken, waɗanda ke faɗa mana akwai haidurojin ko ƙarfe a cikin tauraro, kwantum ne ke bayaninsu. Wanda ya ratsa kwantum da E, ya haddace ya zubar, zai sha wuya tun zangon farko.

Wanda ya yi fiziks zalla hanyarsa a miƙe take. Wanda ya yi fiziks da ilektironiks, ko jiyofiziks, ya bincika ko an ba shi kwantum da sitatistikal makaniks cikakku, domin a wasu tsare-tsaren akan rage su. Mai digirin lissafi yana da daraja wurin masu nazarin asalin sararin duniya, amma sai ya cike gurbin fiziks. Injiniyan lantarki kada ya raina kansa: ilimin taurari na rediyo ya dogara ne kan eriya, na'urar karɓar sigina da sarrafa bayanai, kuma suna neman irinsa. Mai HND, da wanda ya haɗa fiziks da koyarwa, galibi sai sun bi ta difulomar gaba da digiri, wato PGD, ko mastas a fiziks a nan gida kafin su nemi waje.

Idan har yanzu kana aji uku, kai ne mai sa'a. Zaɓi darussan da ke da nauyin lissafi ko da abokanka na gudunsu don tsoron maki.

Mataki na biyu: san inda makinka ya ajiye ka

A ma'aunin 5.0 da yawancin jami'o'inmu ke bi, fas kilas daga 4.50 yake farawa, 2:1 daga 3.50 zuwa 4.49, 2:2 daga 2.40 zuwa 3.49. Mastas a jami'o'in gida yawanci 2:2 ne mafi ƙaranci, mai daraja ta uku sai PGD. Ingila tana neman 2:1 zuwa sama. Makarantun Amurka sukan rubuta 3.0 bisa 4.0 a matsayin mafi ƙaranci, amma waɗanda ake ɗauka a zahiri sun fi haka nesa. Inda ake raba tallafin karatu cikakke kuwa, mai fas kilas da mai 2:1 mai ƙarfi su ne a sahun gaba.

Kada ka juya makinka zuwa ma'aunin 4.0 da kanka ta hanyar ninkawa da rabawa. Rubuta shi yadda yake, 4.12 bisa 5.00 misali, ka tabbata bayanin ma'aunin jami'arku na maƙale da taranskirif, domin Ba'amurke da ya ga 70 zai ɗauka matsakaicin maki ne alhali a wurinmu A ce. Makarantar da ke son a tantance za ta tura ka wurin hukuma irin WES, Afirka ta Kudu kuma SAQA ce ke yi mata wannan aiki.

Mai 2:2 bai fita layi ba, sai dai hanyarsa ta ƙara tsawo. Masu tantancewa suna kallon makin darussan fiziks na aji uku da huɗu fiye da na aji ɗaya, kuma mastas mai kyau da aikin bincike na gaske yakan rufe raunin digirin farko. A ganina gara mai 2:2 ya ba da shekara biyu a mastas na gida ya fito da abin nunawa, da ya yi ta watsa dala a neman gurbin da ba a ma buɗe fayil ɗinsa ba.

Mataki na uku: koyi kwamfuta, ka yi aiki da hannunka

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ɗalibin Legas zai iya wuce sa'o'insa, kuma nan ne akasari ake sakaci.

Sararin Legas ba na kallon taurari ba ne. Fitilu, hayaƙin janareta, gajimaren damina da ƙurar hunturu sun haɗu sun rufe shi, sai wata da Zara da 'yan taurari masu ƙarfi. Wannan bai dami aikinka ba. Masanin astirofiziks na yau a gaban kwamfuta yake wuni, bayanan manyan na'urorin duniya kuma a buɗe suke kyauta ga duk mai intanet.

Abin buƙata laftof ce mai RAM na gigabait 8, ko ta hannu ce daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ka fi kula da batirinta fiye da kyan jikinta, saboda halin wutarmu. Sa mata Linux, ko a gefen Windows ne. Koyi Python, ka bi da NumPy, SciPy da Matplotlib, sannan Astropy, wanda shi ne kayan aikin masu ilimin taurari. Koyi Git ka buɗe shafi a GitHub. Koyi LaTeX, wanda da shi ake rubuta takardun fiziks, Overleaf zai sauƙaƙa maka. Idan laftof ɗin ta gaza, Google Colab zai ara maka ƙarfinsa ta intanet. Wata uku zuwa shida na zama kullum, ko awa ɗaya ce bayan sallar asuba kafin hayaniyar unguwa ta tashi, ya isa ka fara aiki.

Ga aiki guda da za ka iya kammalawa. Kowa ya san Kaza da 'Ya'yanta, tarin taurarin nan da ake gani da ido a daren hunturu idan mutum ya je ƙauye. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai ya auna matsayi da hasken taurari kimanin biliyan 1.8, aka saki kashi na uku na bayanansa a watan Yunin 2022. Shiga rumbun Gaia ka nemi duk taurarin da ke cikin da'irar digiri biyu kewaye da tarin, wanda ke wajen digiri 56.75 a ma'aunin gabas da yamma na sama, da digiri 24.1 arewa. Dubbai za su fito, mafi yawansu ba 'yan gidan ba ne, kawai sun faɗo layin gani ne. Aikinka shi ne tace su. 'Yan gidan tafiya ɗaya suke yi a sama, kimanin 20 ta gabas da 45 ta kudu a shekara a ma'aunin mili-akseken, wanda ƙanƙanin ma'aunin kusurwa ne, kuma ɗan gocewar da suke yi idan duniya ta zagaya rana, wato faralaks, kusan mili-akseken 7.4 ne. Raba 1000 da 7.4, ka samu nisan fasek 135 ko 136, wato tafiyar haske ta shekara 440 da 'yan kai. Sannan zana launin kowane tauraro a kwance, haskensa a tsaye. Za ka ga sun jeru a layi ɗaya daga masu zafi shuɗaye zuwa ƙanana jajaye. Wannan zane shi ne tushen ilimin rayuwar taurari, kuma kai ka fitar da shi da hannunka.

Kada ka tsaya a zanen. Rubuta shafi huɗu ko biyar: me ka tambaya, yaya ka tace, taurari nawa suka rage, yaya girman kuskuren awonka, me zai canza in ka sassauta iyakar faralaks. Maganar kuskuren awo ita ce ke bambanta mai bincike da mai kwafe darasin intanet. Ɗora komai a GitHub. Gani ya kori ji: layi ɗaya a CV mai kai mutum ga aikin da zai iya buɗewa ya fi sakin layi uku na cewa kana da sha'awa.

Idan ka gama wannan, gwada na biyu da bayanan kumbon TESS da aka harba a 2018. Da Lightkurve, wani kayan aikin Python, za ka sauko da hasken tauraro na makonni ka nemi lokacin da yake ɗan dusashewa saboda wata duniya ta gitta gabansa. Duniya mai girman Mushtari takan rage hasken tauraro irin rana da kusan kashi ɗaya cikin ɗari.

Furojet ɗinka na ajin ƙarshe ma ka ɗauke shi da muhimmanci. Ba lalle ka sami malamin taurari a sashenku ba, amma a jami'o'in Najeriya akwai masu bincike da yawa kan ayonosfiya, wato saman iskar duniya mai ɗauke da caji, saboda layin ikwaitar maganaɗisu ya ratsa ƙasar nan. Aiki kan yadda guguwar rana ke rikita siginar GPS maƙwabcin astirofiziks ne na kusa, kuma zai koya maka sarrafa bayanai. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne mujallun da ke buga kowace takarda cikin mako guda in ka biya. Masu tantancewa sun san su, kuma ganin sunansu a CV rage maka daraja yake. Ba a sharɗanta wa mai neman mastas ya taɓa buga takarda ba.

Saba wa kanka leƙa arXiv, sashen astro-ph, inda masana ke ɗora sababbin takardunsu kyauta, da NASA ADS don neman tsofaffi. Da farko kashi ɗaya cikin goma za ka gane. Karanta taƙaitawa, gabatarwa da zane-zane, ka bar tsakiya sai gaba. Ka kuma sa ido kan makarantar horon matasan masu ilimin taurari da aka fara a Abuja a 2013 da sunan WAISSYA, wadda yanzu ake kira PASEA. Gajeren horo ne, amma a irinsa ake haɗuwa da malaman da za su rubuta maka wasiƙa gobe.

Mataki na huɗu: zaɓi hanya

A gida, Jami'ar Najeriya ta Nsukka ce ke da sashen fiziks da ilimin taurari mai daɗaɗɗen tarihi, kuma a garin ne Cibiyar Kimiyyar Sararin Samaniya ta Tushe take, ƙarƙashin hukumar NASRDA da aka kafa a 1999. Sunan Farfesa Pius Okeke ba ya rabuwa da wannan aiki. Za a nemi digiri, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci, lissafi da fiziks. Wanda sana'a ko iyali suka riƙe a Legas zai iya yin mastas a fiziks a Akoka ko Ojo ya karkata bincikensa zuwa sararin samaniya. Jami'ar AUST ta Abuja ma tana da fiziks na nazari.

Akwai gadoji biyu da nake ganin kowane mai fas kilas ko 2:1 ya kamata ya gwada, domin an gina su ne saboda irinmu. Ta farko cibiyar ICTP ce a Tiriyeste ta Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Tana da difuloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da tallafi cikakke, kuma ɗaya daga ɓangarorinta ya haɗa fiziks na ƙananan ƙwayoyi da nazarin asalin sararin duniya. Manufarta shirya mutum don digirin digirgir, kuma akwai iyakar shekaru, wadda aka saba sa wa 28, saboda haka ba abin jinkiri ba ne. Ta biyu AIMS ce, wadda Neil Turok ya assasa a Kef Tawun a 2003, yanzu tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Mastas ne na lissafi na kusan shekara guda, ci da kwana da karatu duk a kansu.

Afirka ta Kudu ita ce babbar yaya a nahiyar. Tana da madubin SALT a Sutherland tun 2005, da na'urar hangen rediyo ta MeerKAT mai faranti 64 da aka ƙaddamar a 2018, kuma rabin gagarumin aikin na'urar hangen rediyo ta SKA a hamadarta ta Karu ake gina shi. Shirin NASSP da aka fara a 2003 yana koyar da astirofiziks a matakin onas da mastas. Abu biyu za ka sani. Digirinsu na farko shekara uku ne sai onas ta huɗu, don haka za a iya ce maka ka fara daga onas. Sannan mafi yawan kuɗin gwamnatinsu na 'yan ƙasa ne, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen Afirka takwas abokan SKA, inda Ghana da Kenya da Zambiya suke. Wasu guraben tallafin da za ka gani ba da kai ake ba, karanta sharaɗi kafin ka ɓata dare kana cike fom.

A Turai tsarin shi ne mastas shekara biyu sannan digirin digirgir shekara uku zuwa huɗu, kuma ba a shiga na biyun sai da na farko. A Jamus, Bon da Potsdam da Munik suna koyar da mastas na astirofiziks da Turanci, yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, amma biza na buƙatar ka nuna kuɗin zaman shekara a asusun da aka kulle, wanda ya kai yuro 11,904 tun 2024. Wannan shi ne katangar. Shirin Erasmus Mundus na astirofiziks da kimiyyar sararin samaniya, wanda jami'o'in Rum, Belgired, Biremen da Nis suka haɗa, yana da tallafi cikakke ga 'yan kaɗan. Mai mastas kuwa ya nemi makarantun bincike na Max Planck a Haidelbag, Munik ko Bon, ko Laidin ta Holan, inda ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai albashi.

Amurka daban take: daga digirin farko ake shiga digirgir kai tsaye, shekara biyar zuwa shida, biyun farko na darussa ne. Sashen da ya ɗauke ka shi ke biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ka alawus, kai kuma ka koyar ko ka taya bincike. Kada ka tsaya kan sashen ilimin taurari kaɗai, sassan fiziks da yawa suna da masu astirofiziks kuma sun fi yawan gurabe. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya suna yawan sauyawa, saboda haka duba matsayinsu kafin ka kashe ko sisi. Ingila kuwa mastas ɗinta shekara ɗaya ne mai tsada, sai da tallafi irin na Commonwealth, kuma kason baƙi a guraben digirgir da gwamnatinsu ke biya bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba.

Ƙa'ida ɗaya ta ratsa duk hanyoyin waje: ba a biyan digirin digirgir na astirofiziks daga aljihu. Gurbin da aka ba ka babu kuɗi, ka gode musu ka wuce, kada a sayar da shagon Mile 12 ko gonar gado a kansa.

Mataki na biyar: takardu

Fara da suna. Wannan matsalar tamu ce musamman: Muhammad a WAEC, Mohammed a digiri, Muhammed a fasfo, ko sunan gari ya shigo a wata takarda ya ɓace a wata. Haka ranar haihuwa. Jera WAEC, digiri, NIN da fasfo ka daidaita su tun yanzu, in da bambanci ka yi takardar rantsuwa a kotu. Fasfo ma ka nema da wuri.

Taranskirif shi ne mai cin lokaci. Da sanyin safiya ake kama fara: nema wata uku ko huɗu kafin wa'adi, musamman in makarantarku tana Arewa kai kana Legas, sai ka sami amintacce da zai riƙa leƙa ofis. Makarantu da yawa suna karɓar kwafin ɗalibi a matakin nema, sai an ɗauke ka su buƙaci na hukuma.

Wasiƙun shaida uku ake so, kuma sun fi nauyi fiye da yadda ake zato. Wasiƙar layi huɗu daga babban farfesa mai cewa kana da ladabi da biyayya ba ta kai ta ƙaramin lakcara da ya duba furojet ɗinka ba, wanda zai ce ga matsalar da ka warware, ga matsayinka a cikin ajinku. Je ka same shi da kanka, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce: Malam, ina neman gurbi a wurare kaza, ko za ka iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi? Ba shi wata guda aƙalla, da CV, sakamako da jerin wa'adi. Roƙe shi ya yi amfani da imel ɗin jami'a, domin hanyar ɗora wasiƙar shi za a aika wa kai tsaye. Wasiƙar sarkin unguwa, limami ko ɗan majalisa ba ta da gurbi a nan, duk girmansu.

Takardar bayanin manufa shafi ɗaya zuwa biyu ce. Kowa yana buɗewa da cewa tun yana yaro yake kallon taurari, kai ka tsallake wannan. Faɗi abin da ka yi, da alƙaluma: ka tace taurari kaza daga Gaia, ka sami nisa kaza, ka ci karo da matsala kaza. Faɗi abin da kake son bincika, ka ambaci malamai biyu ko uku na sashen da aikinsu ya dace da naka. In yajin aiki ya tsawaita digirinka, ko rashin lafiya ya ɓata maka zango, jimla biyu sun isa bayani, ba tare da kuka ba. An hore mu da kunya da ƙanƙan da kai, amma a wannan takarda wanda bai faɗi aikinsa ba kamar bai yi ba ne.

Jarrabawar Turanci, IELTS ko TOEFL, ana yin ta a Legas, sakamakonta shekara biyu yake aiki, kuma 6.5 a IELTS ne abin da aka fi nema. Kafin ka biya, tambayi makarantar: da yawa suna yafe wa ɗan Najeriya, ko su karɓi takardar jami'a cewa da Turanci aka koyar da shi. Jarrabawar GRE ta fiziks kuwa darajarta ta ragu. Tun 2016 ƙungiyar masu ilimin taurari ta Amurka ta shawarci sassa su daina dogaro da ita, kuma da yawa sun bi. Tun Satumban 2023 tambaya 70 ce cikin awa biyu a kwamfuta. Inda aka bar ta a matsayin zaɓi, maki mai kyau na iya taimakon wanda ba a san jami'arsa ba. In ba ka da tabbacin cin ta sosai, riƙe kuɗinka.

Mataki na shida: lokaci, kuɗi da gida

Lissafa baya daga wa'adi. Makarantun Max Planck sukan rufe a Nuwamba, Amurka a Disamba zuwa farkon Janairu, Ingila da ICTP a watannin farko na shekara, AIMS wajen Maris. Afirka ta Kudu shekarar karatunta a Fabrairu take farawa, don haka nemanta a shekarar da ta gabata ake yi. Shekarar bautar ƙasa ita ce mafi dacewa da wannan hidima. Kuɗin fom a Amurka yakan kusanci dala 100 kowace makaranta, amma ana iya rubutawa a nemi yafewa, kuma guraben digirgir na Turai galibi ba a biyan komai. Wurare shida zuwa goma masu bambancin wuya sun fi biyu masu suna. Ba ka buƙatar eja. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbin astirofiziks, damfara ce.

A Turai da Afirka ta Kudu yana da amfani ka rubuta wa malami kafin ka nema. Imel gajere: ko kai wane ne, takardarsa da ka karanta, aikinka, tambaya ɗaya. In bai amsa ba, tuna masa sau ɗaya bayan mako biyu ka ƙyale.

Sai gida. Idan ka ce wa Baba za ka karanta taurari, abin da zai fara zo masa duba ne da bugun ƙasa. Yi masa bayani da abin da ya sani: lissafin tsayuwar wata, lokacin husufi, tauraron ɗan'adam da ke kawo hoton talabijin. Zai kuma tambaye ka aikin me za ka samu, kuma tambaya ce mai kyau. Kujerun bincike kaɗan ne ko a Turai, da yawa daga masu digirin suna komawa koyarwa, hukumar sararin samaniya, ko aikin nazarin bayanai a bankuna da kamfanonin fasaha, irin waɗanda suka cika Yaba da Ikoyi. Ke kuma 'yar'uwa, sharuɗɗan nan duka ɗaya ne a kanki, kuma akwai tallafin da aka ware wa mata masu kimiyya. Farfesa Francisca Okeke ta Nsukka da binciken ayonosfiya ta karɓi lambar L'Oréal da UNESCO a 2013.

Idan aka kira ka ganawa ta Zoom, tanadi layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban, ka cika batir, ka nemi ɗakin da ƙarar janareta da hon ɗin danfo ba sa kaiwa, ka kuma tabbatar da bambancin agogo. Za a ce ka bayyana aikinka cikin minti biyar, a yi maka tambayar fiziks mai sauƙin gani, kamar yadda za ka ƙiyasta zafin saman rana daga launinta, ko me ya sa faralaks ba ya aiki ga abu mai nisa ƙwarai. Ba amsar haddace suke jira ba, suna son su ji yadda kake tunani, don haka yi lissafin da baki suna ji. In ka kai inda ka tsaya, faɗi inda ka tsaya da abin da za ka duba. Kai ma tanadi tambayoyinka: shekara nawa tallafin zai ɗauka, ko ya haɗa da inshorar lafiya da kuɗin jirgi, da inda ɗaliban malamin na baya suka ƙare.